Kaset-kaset ɗin Nima da Fayil Ɗaya da Ya Tsare Mana Hanya

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Maamobi a Akra kafin wayar hannu ta cika gari ya san darajar kaset. Tafsirin azumi, wa'azin maulidi, walimar saukar Alƙur'ani, waƙoƙin bege, har saƙon murya da iyaye ke aika wa 'ya'yansu a Jamus ko Saudiyya, duk a kaset ake ɗauka. Sai dai Akra gari ne na bakin teku, kuma danshi ba ya raga wa zaren kaset. Yakan yi fumfuna, ya manne, muryar ta dinga ja tana shaƙewa. Wajen shekarar 2010 rediyoyi masu cin kaset sun fara ƙaranci a gidaje, jama'a sun koma sauraro ta katin memori a waya. Muryoyin malaman da suka riga mu gidan gaskiya kuwa suna jibge a kwalaye ƙarƙashin gado.

A lokacin ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago kusa da babban titin Nima. Yawancin kwamfutocin unguwa kwance ne daga Turai, masu ɗauke da Windows XP. Wani dattijo, limamin wani ƙaramin masallaci, ya shigo da kwali cike da kaset-kaset na tafsirin mahaifinsa. Ya ce, "Yaro, an ce kuna iya mai da wannan cikin waya. Jikokina ba su taɓa jin muryar kakansu ba." Na ce, "Baba, ku bar min su, in Allah ya so za a yi."

Manhajojin gyaran sauti na kamfanoni sun fi ƙarfin aljihunmu, na sata da ake yawo da su a faifai kuma galibi da ƙwayar cuta suke zuwa. Wani saurayi da ke zuwa darasi a Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa, wadda Ghana da Indiya suka kafa a 2003, shi ya nuna min Audacity. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta ga duniya a shekarar 2000. Lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya raba, ya gyara, ba tare da biyan ko pesewa ɗaya ba. Wannan ya kwanta wa malamanmu a rai, domin da yawansu ba sa son a adana karatun addini da kayan sata.

Aikin kansa bai yi wuya ba. Mukan jona waya daga na'urar kaset zuwa shuɗin ramin da ke bayan kwamfuta, mu danna jan maɓalli, kaset ya yi ta juyawa. Kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90, babu gaggawa. In ya ƙare, a zaɓi ɗan wurin da malam ya yi shiru, a nuna wa manhajar cewa wannan shi ne sautin "shuuu" na kaset, ta bi ta rage shi daga farko har ƙarshe. Yaron da ya zauna kusa da ni yini guda yakan iya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen fitar da aikin. Wayoyin mutane MP3 suke ci. Tafsirin awa ɗaya a tsarin WAV yakan kai megabait 600, a MP3 kuwa ana iya matse shi ya dawo wajen 30, muryar tana fita tas. Amma da ka nemi Audacity ta fitar da MP3, sai ta buɗe wani akwati da Turanci tana tambayar ina fayil mai suna lame_enc.dll. Ba ta zuwa da shi. Dalili kuwa shi ne fasahar MP3 tana ƙarƙashin haƙƙin mallakar ƙirƙira, masu manhajar suna gudun shari'a, don haka suka bar wa kowa ya je wani shafi dabam ya sauko da LAME da kansa. Kamar a ba ka buhun shinkafa kyauta ne, a ce tukunya tana wani gari.

Na ga mutane da yawa sun sare a daidai wannan akwatin. Ustazai matasa da na koya wa aikin sukan koma gida, su tafi shagon intanet su biya kuɗin awa, su sauko da Audacity lafiya, su yi aikin dare guda, sannan su maƙale. In sun nemi LAME, shafukan cike suke da tallace-tallace masu manyan korayen maɓallai na yaudara, mutum ya danna ya kwaso wa kansa bala'i. Wanda ya dace da fayil na gaskiya ma sai ya rasa inda ya faɗa a cikin kwamfutar. Wani ya dawo min ransa a ɓace, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan abin na 'yan boko ne, ba namu ba." Maganar ta dame ni ƙwarai, domin mutumin nan ya haddace Alƙur'ani, yana karanta manyan littattafan fiƙihu. Ba basira ya rasa ba, hanyar ce aka tsara ba tare da an tuna da irinsa ba.

Sai muka zauna da abokaina biyu muka yi dabara. Audacity tana da nau'in da ba ya buƙatar girkawa, jaka ce kawai da ake kwafewa. Muka haɗa ta da fayil ɗin LAME wuri guda a filasha, muka saita ingancin MP3 da ya dace da muryar mai karatu. Muka rubuta matakan a takarda ɗaya, gaba da boko, baya da ajami, muka buga kwafe-kwafe. Ga waɗanda Larabci ya fi zauna musu, muka juya musu harshen manhajar zuwa Larabci, tunda tana da wannan fassarar. Daga nan aikin girkawa ya koma abu uku: kwafa jakar, buɗe ta, nuna mata fayil ɗin sau ɗaya.

Filashar ta yi yawo fiye da yadda muka zata. Ta je Sabon Zango, ta je Madinar Akra da Ashaiman, wani ya tafi da kwafinta Kumasi. Wata Hajiya mai makarantar matan aure a Maamobi ta aiko 'yarta ta karɓa. Bayan ɗan lokaci ta kira ni ta ce, "Ɗana, yanzu ni da kaina nake yanka darasin, in tura wa matan da suka haihu ba su samu zuwa ba." A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, har ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta 12, mukan raba dare muna gadin kaset. Wuta ta sha ɗaukewa ana tsakiyar ɗauka, amma in an kunna kwamfuta Audacity takan dawo da abin da ta riga ta kama. Tafsirin mahaifin liman ya shiga memori, ya bi ta Bluetooth daga waya zuwa waya.

A 2017 wa'adin haƙƙin mallakar MP3 ya ƙare. A watan Mayun 2019 aka fitar da Audacity 2.3.2 da LAME a cikinta, akwatin da ya kori mutane da yawa ya ɓace. Na yi murna sosai, duk da cewa wasu kaset-kaset ɗin sun lalace kafin a kai ga wannan rana, kuma babu mai dawo da su.

Ba a gama ba tukuna. Yau da waya ake ɗaukar wa'azi, kuma wayoyi da yawa suna ajiye sauti a tsarin M4A, wanda sai an girka wani ƙari mai suna FFmpeg kafin Audacity ta buɗe shi. Har yanzu matasa suna zuwa min da wannan tambayar. Ina girmama waɗanda suka ba da lokacinsu suka rubuta wannan manhaja kyauta, alherinsu ya iso zangonmu. Abin da shekarun nan suka koya min shi ne kyautar ba ta cika sai ta kai hannun wanda aka yi dominsa, kuma mataki ɗaya na girkawa ya isa ya hana ta isa. Wannan ragowar aikin namu ne, mu da muka san kwamfuta muka kuma san mutanenmu: mu haɗa abin da ya rarrabu, mu rubuta bayani da harshen da ake ji, mu fassara manhajar kanta zuwa Hausa. Akwai sauran kwalaye a Nima da Maamobi, kuma danshin Akra bai daina aikinsa ba.