Kwamfutar Haɗi ko ta Kamfani: Yadda Lissafin Yake a Zariya

A Amurka da Turai, masu haɗa kwamfuta da hannunsu sun daɗe suna cewa sayen sassa ɗai-ɗai ya fi arha. A Zariya lissafin ya sha bamban, domin masu takarar uku ne: ta haɗi, sabuwa fil ta kamfani, da kuma ta hannu, irin HP, Dell ko Lenovo da ofisoshin ƙasashen waje suka gama mora. Ta ukun nan ce aka fi samu a shagunan PZ da ke Sabon Gari, ita kuma aka fi gani a hannun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Dalili na farko canji ne. Furosesa da RAM da katin hoto duk da dala ake shigo da su, galibi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai haɗi yana biyan wannan tsada a kan kowane sabon sashe. Ta hannu kuwa, mai ita na farko ya riga ya ɗauke mafi nauyin kuɗinta.

Na biyu wutar lantarki ce. Kwamfutar tebur mai katin hoto takan ja fiye da watt 300 in aiki ya yi nauyi, alhali laftof ɗin ofis tana wadatuwa da caja mai watt 45 zuwa 65, ga batirinta a jiki. Wanda ya haɗa ta tebur sai ya ƙara kuɗin UPS, da inbata ko janareta, a ƙasar da aka cire tallafin fetur tun Mayun 2023.

Duk da haka haɗi yana da gurbinsa. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniyan da ke aiki da Revit yana buƙatar katin hoto mai ƙarfi, kuma sabuwar ta kamfani mai wannan ƙarfin ta fi tsada nesa. Ta haɗi tana karɓar ƙari sannu a hankali, tana da sauƙin buɗewa a kakkaɓe ƙurar hunturu. Yawancin Dell OptiPlex kuwa suna da mahaɗin wuta nasu na daban, wanda na kasuwa ba ya shiga.

Ta hannun ma tana da tarko. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama. Lauya ko malamin da rubutu da lissafi ne aikinsa, ta hannu ta ishe shi, muddin ya duba zubin furosesanta da lafiyar batirinta kafin ya biya.