Iten, garin masu gudu

Daga Eldoret na shiga matatu, ƙaramar motar hayar Kenya, ba mu yi awa guda ba muka isa Iten. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 2,400 sama da teku, a bakin gangaren da ke kallon Kwarin Kerio. Tun a hanyar masauki numfashina ya fara sarƙewa. Iskar nan ba ta da kauri, abin da jini ke samu a kowace shaƙa kaɗan ne.

Ƙoda ce ke fara ankara da wannan ƙaranci. Sai ta ƙara sakin sinadarin EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya yawaita jajayen ƙwayoyin jini. Bayan mako 3 zuwa 4 jinin ya fi iya dakon iskar oksijin, dalilin da ke kawo 'yan tsere daga Turai ke nan.

Gari bai gama wayewa ba hanyoyin jar ƙasa suka cika da masu gudu, ayari bayan ayari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin gaggawarsu. Akwai ranakun wuta, kamar Talata a fili da Alhamis da ake sauya sauri da sassarfa, amma yawancin gudunsu a natse ne, har hira suke yi. Wannan doguwar sassarfa ita ke aikin. Zuciya tana ƙara girma, tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, har bugunta a hutu ya sauko kusa da 40 a minti. Ƙananan hanyoyin jini suna yaɗuwa cikin tsoka. Agara da ƙashi kuwa ba sa saurin bin sahu, su sai an yi watanni. Shi ya sa ake haɗawa da atisayen ƙarfafa ciki, ƙugu da ƙafa.

Da hantsi sai gari ya yi tsit. An sha shayi da madara, an kwanta. Ga ugali, tuwon masararsu, da ganyen sukuma wiki. A wannan barci da abinci ne tsokar da aka wahalar take gyaruwa, ta fi da ƙarfi.

Na bi ta makarantar St. Patrick, inda Brother Colm O'Connell, mutumin Ayalan, ya zo koyarwa a 1976. Shi ya horar da David Rudisha, wanda ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012.

Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne samarin da suka baro ƙauye ba koci, ba isasshen abinci. Suna manne wa ayarin manya kullum, huhunsu na ɗauka, ƙafafunsu ba su shirya ba. Na ga wasu da yamma a bakin hanya suna ɗingishi, takalman gudu a hannu, kuɗin ganin likita babu.