Yaro Mai Shuɗi da Masu Tara Kayan Da a Ingila

A ƙasar Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin zane da kayan mutanen da. Wani zai hana kansa sabuwar riga don ya sayi hoton da aka zana tun kakansa bai zo duniya ba. Wanda bai san al'adarsu ba zai ce ɓarnar dukiya ce, amma in ya bi labarin a hankali zai ga akwai abin lura a ciki.

Irin zanen da suka fi daraja shi ne na fentin mai. Mai zane yakan niƙa launi ya zama gari, ya kwaɓa shi da man da ake tatsa daga irin tsiron da ake saƙa lilin da zarensa, sa'an nan ya shafa a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗame a jikin katako. Wannan fenti ba ya bushewa da wuri, amma in ya bushe yakan yi shekaru ɗaruruwa. In ya tsufa sai fuskarsa ta yi tsage-tsage ƙanana, man ƙyallin da aka shafa a samansa kuma ya koma rawaya. Mai saye yakan duba waɗannan alamu, amma ba ya dogara da su kaɗai, domin macuta sun iya kwaikwayonsu. Abin da ya fi nema shi ne salsala, watau takardun da ke nuna wane ya sayar wa wane, tun daga hannun mai zanen har zuwa yau. Zanen da salsalarsa ta yanke, kuɗinsa ya faɗi.

Ba zane kaɗai suke tarawa ba. A shekarar 1805 aka harbe sarkin yaƙin ruwansu, Nelson, a yaƙin Trafalgar. Rigar da yake sanye da ita ta yi ta yawo a hannun mutane, har a 1845 Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya saye ta fam 150 ya ba ƙasa kyauta. Tana nan a gidan kayan tarihi na Greenwich, da hudar harsashi a kafaɗar hagu. Ƙyallen kansa bai kai wannan kuɗi ba, labarin da ke jikinsa aka saya.

To, abin da ya shiga hannun mutum ɗaya, ran da ya ga dama sai ya sayar. Wajen shekarar 1770 wani gwani mai suna Thomas Gainsborough ya zana wani yaro tsaye da tufafi shuɗɗa masu ƙyalli, riƙe da malafa. Turawa suna kiran zanen Blue Boy, watau Yaro Mai Shuɗi. Ya daɗe a gidan wani babban basarake, Duke na Westminster. A 1921 wani dillali mai suna Joseph Duveen ya saye shi, ya sayar wa Henry Huntington, attajirin Amurka mai harkar jirgin ƙasa, a kan dala 728,000. Har zuwa lokacin ba a taɓa jin an sayi zane da tsada haka ba. A zamanin nan gidajen sarauta da yawa suna sayar da kayan kakanninsu saboda nauyin harajin gado, amma shi wannan basarake yana cikin manyan masu arzikin ƙasar.

Da labari ya bazu, sai ran jama'a ya ɓaci. A watan Janairu na 1922 aka kafa zanen a babban gidan zane na ƙasa da ke Landan, mutum wajen 90,000 suka zo sallama da shi cikin mako uku. Shugaban gidan ya ɗauki fensir ya rubuta kalmar ban kwana da Faransanci a bayansa, mai ma'anar sai an sake saduwa. Aka sa shi a jirgin ruwa, sai Kalifoniya. Bai sake taka Ingila ba sai a 2022, bayan shekara ɗari cif, shi ma aro aka ba su na 'yan watanni, ya koma.

Akwai kuma wanda ya bi wata hanya dabam. Henry Tate yaron kanti ne a Liverpool, ya yi arziki da sukari mai ƙwaya, irin wanda ake jefawa a shayi. Ya tara zanen gwanayen ƙasarsa, sa'an nan ya ba ƙasa guda 65, ya kuma ba da kuɗin gina musu gida a bakin kogin Thames, a filin da wani kurkuku yake a da. An buɗe gidan a 1897, Tate ya mutu a 1899, amma har yanzu gidan yana amsa sunansa, talaka da mai kuɗi suna shiga kallo.

Asarar irin su Yaro Mai Shuɗi ta koya wa Ingila hankali. Tun 1952 suka tsara cewa in za a fitar da wani muhimmin abin tarihi daga ƙasar, hukuma tana da ikon dakatar da shi na ɗan lokaci, ko a sami wanda zai biya kuɗinsa a gida. Rigakafi ya fi magani, amma wannan tsari bai komo da abin da ya riga ya haye teku ba.

Mai karatu, ka ga mutum biyu ke nan, kowa da abin da ya yi da nasa. Ɗaya ya gada ya sayar, ɗaya ya saya ya bayar. Na farko bai karya doka ba, kayansa ne. Amma kayan da ya wuce shekara ɗari a ƙasa ya zama kamar kukar bakin gari: ko da tana gonar mutum ɗaya, kowa ya san inuwarta. Wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa, ya kamata kafin ya kira dillali ya tuna da waɗanda ba a haifa ba tukuna, domin su ba su da bakin tayawa ranar ciniki.