Mu Da Masu Zawarcinmu

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a Sakkwato kamar ni ya san labarin Giginya, inda Turawan Ingila suka ci garinmu ran 15 ga Maris 1903. Amma abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, kafin a zo mana da bindiga sai da aka zo da zawarci.

A 1885 Joseph Thomson ya iske Sarkin Musulmi Umaru a Wurno, ya koma da takarda wai an ba kamfanin Ingila ciniki. Bai daɗe da tafiya ba Bajamushe Staudinger ya iso da tasa gaisuwar. A 1891 kuma Bafaranshe Monteil ya ƙulla tasa yarjejeniyar da Sarkin Musulmi Abdurrahman. Kowane da tsarabarsa, kowane yana kushe ɗan'uwansa. Ashe tun 1890 Ingila da Faransa sun riga sun ja layi daga Sayi zuwa Tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama a Faris, suka auna mil 100 kewaye da Sakkwato suka ce nan rabon Ingila ne. Daga baya aka sake gyara, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Babu Basakkwace ko ɗaya a wurin zaman.

Ni dai wannan layi ya shiga har cikin gidanmu. Goggona a Ƙonni take aure. Da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na 2023, watanni muka yi ba mu ga juna ba, 'yan kasuwarmu kuma suka ji jiki. Ana cikin haka sojan Faransa suka fita, na Amurka suka bar Agadas a 2024, na Rasha suka sauka Yamai. Na ji abokaina suna tafi, wai an sami sabon masoyi.

To, ina tafin yake? Manya kan yi gasa a ƙofar gidanka, su shirya a bayan idonka, da kayanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin Sakkwato da Ƙonni suna juya wa juna baya, kowane baƙo ya zo shi zai yanka farashi. Mu yi ciniki da kowa, amma mu fara shiryawa da maƙwabci. Allah Ya sa mu gane.