Gyambon Kawu da Alwala

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shekara huɗu kawuna ya yi yana fama da gyambo a saman idon sawu. Masunci ne a Warra, a bakin tafkin Kainji. Mutane suka ce jifa ne.

Likita a Yauri ya ce jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ne suka raunana, jini ya taru a ƙafa, naman wurin ya rasa isasshiyar iskar oksijin. A Turai akan rufe irin wannan miki a rinƙa hura masa oksijin, amma ko a can ƙari ne kawai. Tushen magani shi ne matse ƙafar da bandeji, daga tafi zuwa ƙasan gwiwa.

Abin tausayi, Kawu kwance bandejin yake yi duk lokacin alwala, yana tsoron kada sallarsa ta ɓaci. Na ɗauko Mukhtasar na Shehu Khalil, muka duba hukuncin shafa a kan ɗauri. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ashe ni nake hana shi warkewa?"

Yau wata uku ba ya kwancewa sai ranar wanki. Mikin ya fara haɗewa, amma kwale-kwalensa na nan ɗaure. Allah Ya ba shi lafiya.