Inda Dare Ya Yi, Nan Ne Zango

'Yan uwana na Talata Mafara, Bakura da Maradun, na gida da na nesa.

A Amurka akwai wata irin tafiya da iyali ke yi a cikin mota mai ɗakin kwana da madafi da makewayi. Maigida ya ɗebi iyalinsa, su bi garuruwan kan duwatsu na jihar Colorado, su sauka a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi, su yi wanka, gari ya waye su ƙara gaba. Matasanmu na ganin hotunan a waya suna santin motar. Ni abin da ke tsaya mini a rai daban ne: mutum ya kashe mota a gindin dutse, ya yi wa yaransa shimfiɗa, ya yi barci har asuba babu zabura. Amincin hanya ke nan, kuma shi aka raba mu da shi.

Tafiya da gida a bayan dabba tsohuwar sana'armu ce. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya da jakunansu, da tabarmi da tukwane. Su ma sun sha fama da 'yan fashi, amma sun yi wa hanya tsari: ga madugu mai jan ayari, ga jagaba, ga zango a bayan gari, ga sarakunan da ake biya fito su ba da kariya. Zangunan Salaga da Kumasi na ƙasar Gana shaida ne har gobe. Sun gane cewa amincin hanya gina shi ake yi, da shugabanci da riƙon amana.

Wuraren zuwa kuwa Allah bai hana mu ba. Daga Mafara ka kama hanyar Gusau, kana wuce ta kaɗan ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama, garin na kwance a gindinsa. Ka bi Tsafe, Funtuwa, Zariya, ka ratsa Saminaka ka hau tudun Jos, inda sanyi zai sa ka laluben bargo. Ka gangara Bauchi, ka kauce a Dindima zuwa Yankari, dajin da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. A can maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki take. Ruwan na fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana hango yatsun ƙafarka a kan yashi. Ɗuminsa na kusan digiri 31, rani da damina, dare da rana, domin zafin cikin ƙasa ke ɗumama shi kafin ya ɓullo. Da sassafe lokacin hunturu za ka ga tururi na tashi a kansa, birai na zaune a gefe suna fakon wanda zai ajiye ledar abincinsa. A Lamurde ta Adamawa akwai wani ruwan zafin. A Nijar kuma akwai Tafadek, arewa da Agadas cikin duwatsun Azbin, inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka.

Amma kafin a je Bauchi, a tambayi yaran makarantunmu: su nawa ne suka taɓa tsayawa a kan madatsar ruwa ta Bakolori? Ga ta nan a ƙofar gidanmu, a kan Gulbin Sakkwato. An kammala ta a 1978, tsawonta ya haura kilomita biyar, kuma ruwanta ne ke bin magudanai yana shayar da gonakin shinkafar da ake yi wa Bakura kirari da ita. Wanda ya taɓa zuwa da yamma ya san yadda masunta ke turo kwale-kwale bakin gaɓa, mata na jira da kwanoni, ana cinikin tarwaɗa da karfasa tun suna motsi. Wurin na da tarihi mai ɗaci kuma. A watan Afrilun 1980 jami'an tsaro suka far wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka masu yawa. Yaron da bai taka wurin ba, ta yaya zai san abin da aka sadaukar kafin shinkafar nan ta iso kwanonsa?

Kowa ya san dalilin da malamai suka daina fita da ɗalibai. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun. A wannan tsakanin aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Yanzu tafiya ta zama lissafi. Direba na duba agogo yana cewa a yi sauri kafin la'asar. In an doshi wani daji sai hira ta mutu a mota, kowa ya koma jan carbi, uwa ta danne kan ɗanta a cinya. Yaron da ya tashi a haka zai girma yana ɗaukar ƙasarsa abin tsoro, kuma da wuya mutum ya tsaya wa ƙasar da bai taɓa jin daɗinta ba.

Shi ya sa nake roƙon mu daina ɗaukar yawon buɗe ido a matsayin shagalin masu kuɗi. Ma'auni ne na zaman lafiya. Duk mai neman ƙuri'armu, mu tambaye shi yaushe makarantar firamare a Maradun za ta iya cika mota da yara zuwa Bakolori su dawo bayan magariba, iyayensu hankali kwance. Iyaye da malamai kuma kada mu bari sunayen wuraren nan su fita daga bakin yara. Mu ba su labarin, mu nuna musu hotuna, inda hanya ta yi kyau mu kai su da rana. Sarakuna da 'yan ƙungiyar direbobi sun fi kowa sanin hanyoyin nan, a riƙa zama da su ana jin ta bakinsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a hanyoyin nan, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da suka ɗauka. Amin.