Littattafan cikin waya

A Rurum samun littafi a waya ya daina zama aiki, sai dai gano inda ya shige. Wanda ya zo ta WhatsApp sau da yawa ba shi da suna, sai lambobi da kwanan wata. Wanda aboki ya tura ta Xender kuma yana can wani lungu daban. Haka tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya cakuɗe da labaran soyayya masu murya a wayata, ga Magana Jari Ce har kwafi biyu suna cin wuri.

Masu ɗakin karatu da fanni da sunan marubuci suke jera nasu. Ni kuwa hali nake bi: na saurare a kan hanyar Rano daban, na karantawa da dare, in caji ya yarda, daban. Wanda na gama nakan mayar da shi memori.

Karatun malamai ne ya fi cin lokaci wajen jerawa. Dole kowane zama ya samu lamba a gaban sunansa, domin waya haruffa take bi, sai ta sa Ali Imrana gaba da Baƙara.